Na Huda Katakon Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina miƙo maka gaisuwa mai yawa daga nan gida, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya yi wa zuri'a albarka, Ya kuma kawo maka sauƙin ciwon bayan nan da na ji an ce ya sake motsawa. Mu dai nan alhamdulillahi. Maigidana yana nan yana fama da gwiwarsa, kullum yana cewa ta warke, kullum kuma sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Shagon ɗinki yana tafiya, sai dai tsohon keken nan nawa ya koyi tsallake zare, ni da shi muna ta kokawa. Kumburin da ke ƙugun Inna ya saɓe, ta daina ɗingishi, tana cin abinci sosai, bakinta kuwa ya dawo yadda ka san shi, wanda shi ne babbar shaidar samun lafiyarta.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, don na san halinka a waya. Kai za ka yi tambaya, kai za ka ba kanka amsa, kafin in buɗe baki ka ce a gaida mutanen gida ka kashe. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta, sai dai ka ajiye, kuma na san ba za ka iya ajiyewa ba. Na ji Auta ya riga ya kai maka rahoto, to bari in sauƙaƙa maka bincike: duk abin da ya faɗa gaskiya ne, har ma bai faɗi rabi ba. Na hau saman silin gidan Baba da ƙafafuna, na ja wayar wuta, na huda katako, kuma yanzu haka da nake wannan rubutu akwai haske a ɗakin Inna da lungun banɗaki. Ban rubuto don neman afuwa ba, Yaya. Na rubuto ne don ka ji yadda aka yi daga bakin wadda ta yi, sannan ka dakatar da motar da ka ce za ka turo a ɗauki Inna.

Kai ba ka ga ɗakin Inna da rana ba tun da maƙwabcinmu ya ɗora bene. Tagar da Inna ke zama a bakinta tana tsince mini maɓallai a cikin gwangwanina, yanzu bango take kallo, bangon da ko hannu ka miƙa za ka taɓa. Da tsakar rana ɗakin kamar an rufe mutum a cikin akwati. Ka kuma san wayarin gidan bai taɓa wuce falo da ɗakin gaba ba, ɓangaren baya da tocila ake rayuwa a cikinsa tun muna yara. Ranar da ta faɗi, tocilar ce ta mutu a hannunta a tsakiyar lungu, ta yi tuntuɓe da bokiti. Da labari ya iso maka sai ka yanke hukunci biyu a numfashi ɗaya: a haɗa kayan Inna ta koma wurinka tun da idonta ya tafi, kuma kada wanda ya kuskura ya taɓa rufin Baba da sunan jan waya. Na juya maganar nan na sake juyawa, na ga ka hana a kawo mata haske, sannan ka ce duhu ne zai sa a raba ta da ɗakinta. Wannan ne hankalina ya ƙi ɗauka.

Kada ka ce ban san abin da rufin nan yake a wurinka ba. Na sani sarai. Ina ƙarama ina leƙe lokacin da kake riƙe wa Baba katako yana yanka, yana yi maka faɗa idan hannunka ya motsa. Na san yadda yake alfahari da cewa duk gidajen da ya yi wa mutane a matsayinsa na kafinta, babu rufin da ya yi wa aiki da zuciya ɗaya kamar nasa. Na kuma san ba ka samu ganin fuskarsa ta ƙarshe ba, kuma abin yana ci maka rai har yau ko da ba ka faɗa. Shi ya sa duk shekarun nan na yi shiru, ko ƙusa ban bari an buga a silin ba. Amma Yaya, katako ba ya faɗuwa a lungun banɗaki, Inna ce take faɗuwa. Da aka ce in zaɓa tsakanin su biyun, ban ɓata lokaci ba.

Na kira mai aikin wutan nan na bakin layinmu, wanda yara ke kira Buhu, kuma in ka gan shi ba za ka tambayi dalili ba. Da farko na ce masa ya bi da wayar ta jikin bango don kada a taɓa sama, ka ga ke nan na yi ƙoƙarin bin umarninka. Ya shafa bangon lungun, ya nuna mini tafin hannunsa a jiƙe, ya ce shi ba zai kwantar da waya a bangon da ke tsattsafo da ruwa ba, balle bangon da tsohuwa ke lalube da hannu tana tafiya. Ya ce hanya ɗaya ce, ta sama. Muka kafa tsani a ƙarƙashin 'yar ƙofar nan ta hawa silin, ya hau, kansa ya shiga, kafaɗa ta shiga da ƙyar, da aka zo kan tumbi sai magana ta ƙare. Ya yi sama ya ƙi, ya yi ƙasa ya ƙi, ƙafafunsa na lilo, Inna na zaune a kujera tana tambaya ko a kawo man shafawa. Da ya samu ya zare kansa, ya ce wanda ya yi ƙofar nan bai yi ta don masu cin abinci ba. Maigidana ga gwiwa, Auta kuwa ya ce shi ba zai saɓa maganar Yaya ba, ya koma gefe yana latsa waya, na san kuma wa yake latsa wa. Sai na ce a riƙe mini tsani.

Washegari da sassafe muka fara, kafin kwano ya ɗau zafi. Na saka tsohon wandon maigidana, na ɗaure kaina tamau, na toshe hanci da ƙyalle. Buhu ya kashe wutar gidan gaba ɗaya daga wajen mita, ya cire fiyus ya jefa a aljihunsa, ya ce ko wa ya zo ba zai ba shi ba sai na sauko. Ya yi mini karatu kamar mai shirin tura ni yaƙi: kada in taka allon silin ko da wasa, don ba zai ɗauki ko kyanwa mai ƙiba ba, in taka katakan da ke riƙe da shi kawai, in ɗora falanki a kansu in durƙusa a kai, haɗa waya kuma ba nawa ba ne, ni dai in ja in miƙo masa ta ƙasa. Da na shiga, Yaya, sai da na tsaya. Ƙura ta kwanta a kan komai kamar bargo, ga yanar gizo-gizo, ga tsohon akwatin ƙarfen Inna, ga keken katakon da Baba ya sassaƙa maka wanda ka hana ni hawa. Amma katakan nan suna nan a jere, miƙaƙƙu, babu wanda ya lanƙwashe ko gara ta ci, har ƙanshinsu bai gama fita ba. Na ce Allah Ya jiƙan mai wannan hannu, na share ido da bayan hannu, na cika fuskata da baƙin ƙura.

Wayar za ta tashi ne daga saman falo ta ratsa katakan a gicciye har saman ɗakin Inna. Ni a tunanina shimfiɗa ta zan yi a kansu kawai, in bi da kilip, ba huda ba yanka, kowa ya huta. Na ƙwala wa Buhu haka ta ƙofar, ya ƙwalo mini cewa sam. Ya ce duk wayar da aka kwantar a saman katako a wurin da ake ajiye kaya, wata rana sai an ja akwati a kanta ko an ɗora falanki an taka, ta ɓare a hankali ba wanda ya sani, daga nan sai gobara. Na ce to in ɗan fafe saman katakon in kwantar da ita a ciki. Ya ce wannan ya fi muni, fafe sama ko ƙasa shi ke karya ƙarfin katako. Ya ce in dai ana so a yi abin kirki, a tsakiyar kaurin katakon ake huda ƙaramin rami, inda ba ya rage masa ƙarfi kuma ƙusa ba ta kaiwa. Ya miƙo mini barimar Baba, mahujin nan da ake murɗawa da hannu, wadda na ɗauko daga akwatin kayan aikinsa. Na zauna a kan falanki da ita a cinyata, ina jin muryarka a kunnena.

Na haska tocila a gefen katakon farko don in auna tsakiya, sai na ga rami. Na ɗauka idona ne, na goge ƙurar da ɗan yatsa. Rami ne sosai, zagayayye, mai santsi, daidai tsakiya, da 'yar alamar fensir a samansa irin wadda Baba ke yi, mai kama da ƙafar tsuntsu. Na haska na gaba, akwai. Na gaba da shi ma akwai. Na kwantar da kaina na leƙa ta cikin na farko, na hango hasken tocila yana wucewa ta cikinsu a layi ɗaya, kai tsaye zuwa ɓangaren ɗakin Inna. Har da igiyar awonsa a zure a ciki, wadda ya bari don a ja waya da ita, sai dai ina taɓa ta ta ruɓe a hannuna. Yaya, katakon da ka ce kada a huda, mai shi ya riga kowa hudawa. Na yi dariya ni kaɗai a cikin duhu har Buhu ya tambaya ko zafi ne ya taɓa mini kai. Zura waya a rami kuwa ba sai an koya wa tela ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rarrafe, ina barin ta sakwa-sakwa yadda ya ce, ban ja ta ta yi tauri ba.

Amma kada ka yi saurin cewa shi ke nan ashe ban saɓa maka ba. Ramukan Baba ba su kai ba. Daidai inda lungu ya ƙare, saman ɗakin Inna ya fara, sai suka tsaya. Katakon gaba akwai alamar fensir, akwai ɗan wurin da bakin barima ya fara ci, amma bai shiga ba. Sauran kuwa ko alama babu. A nan ne na yi abin da Auta ya gaya maka. Na dasa bakin barimar a daidai inda Baba ya tsaya, na yi bismillah, na danna da ƙirji na murɗa. Katakon nan tauri gare shi kamar mai shi, sai da tafin hannuna ya yi bororo kafin ya ɓulle. Na huda shi, na huda na gaba, na ci gaba har na kai inda ƙwan lantarki zai sauka. Ramukana ba su yi kyan nasa ba, ɗaya ma ya ɗan karkace, bakinsu duk ya yi gatsa-gatsa. Duk wanda ya hau zai gane inda kafinta ya tsaya da inda tela ta karɓa, kuma ba na jin kunyar a gane.

Da na sauko, ban ko wanke fuska ba na durƙusa gaban Inna na gaya mata abin da na gani. Na zaci za ta yi mamaki, sai ta gyaɗa kai kawai. Ta ce ai ta sani. Ta ce a shekarar da ciwon Baba ya fara ne ya hau, yana cewa ba zai bar ta tana yawo da tocila har tsufa ba. Yana cikin aikin jiri ya kwashe shi, ya sauko da ƙyar, ita ce ta rantse ba zai sake hawa ba, ta sa aka mayar da tsanin gidan maƙwabta. Ya yi ta cewa idan ya ji sauƙi zai ƙarasa, sauƙin kuma bai zo ba. Na ce to Inna, duk shekarun nan da Yaya ke cewa kada a taɓa rufi, me ya hana ki faɗa? Ta ce babu wanda ya tambaye ta. Ta ce haka ma maganar tafiyar nan, ta ji ana ta shawara a waya a kan kayanta da maganinta da ɗakin da za a ba ta a can, amma har yau ba ta ji wanda ya ce mata ko tana son zuwa ba. Ta faɗe shi ne a hankali, ba da fushi ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kai da ni da Auta duk maganar ta shafe mu.

Buhu ya ƙarasa nasa aikin daga ƙasa, ya haɗa, ya gwada da abin gwajinsa, ya sake gwadawa. Ya sa ƙwai ɗaya a lungu, ɗaya a ɗaki. Maimakon makunni a bango ya sa irin na silin mai igiya, don kada ta yi ta lalube. Igiyar da ta zo da shi siririya ce fara, sai na cire na kitsa wata mai kauri da ragowar jan yadi daga shago, na sauko da ita daidai inda hannunta ke kaiwa daga kan gado. Ya mayar da fiyus, muka ce Inna ta ja. Ta ja, ɗakin ya cika da haske, ta runtse ido ta buɗe. Na tsaya ina jiran ta yi addu'a ko ta yi kuka. Sai ta ƙura mini ido, ta ce in matso, ta kama haɓata ta juya fuskata, ta ce ashe na yi furfura haka ba wanda ya gaya mata. Na ce ƙurar silin ce. Ta tsinke gashi ɗaya daga gefen ɗankwalina ta ɗaga shi sama ta ce wannan ƙurar tana da saiwa. Matar da aka ce maka idonta ya tafi ke nan. Daga nan ta hango yanar gizo a kusurwa, ta hango inda aka zubar da shayi a darduma, ta ce mun mayar mata da ɗaki juji don mun ga ba ta gani, tun ranar kuma ba mu huta da shara ba.

Ba na cewa ƙwan lantarki ya mayar da ita yarinya. Idon ya yi rauni, likita ya faɗa, kuma zan ci gaba da kai ta. Na ɗauke bokitin daga lungu, maigidana ya kafa mata abin dafawa a bango, ni kuma kullum ina biyowa kafin in buɗe shago da bayan na rufe. Amma a ɗakin nan ta san inda komai yake, ta san muryar kowace maƙwabciya, ta san wace ƙofa ce ke kuka. A wurinka za ta samu gado mai laushi da kulawar Anti, ban musa ba, amma za ta zama baƙuwa mai jiran a dawo daga aiki a hawa na sama, inda ko sauka ba za ta iya ita kaɗai ba. Don haka ina gaya maka tun da wuri, don kada direba ya sha doguwar hanya a banza: ban haɗa kaya ba, ba zan haɗa ba, kuma na mayar da akwatin da Auta ya sauko da shi. Idan motar ta zo zan ba direban ruwa ya sha, in yi masa addu'ar sauka lafiya. In kana ganin na yi rashin kunya, ka ajiye faɗan ka zo da shi da kanka, zan durƙusa in saurara har ka gama, kamar yadda na saba. In kuma kana son ka duba ramukana, tsani na nan, sai dai ka fara rage tumbi, don na ga hotonka na kwanan nan, kuma ƙofar Baba ba ta san babban ɗa ba.

Ka gaida mini Anti da kyau, ka ce mata na gode da maganin da ta aiko, kuma na san da zuciya ɗaya ta gyara ɗakin da ta gyara. Ka gaida Babban Mutum da 'Yar Baba da Sarkin Kuka, ka ce Gwaggonsu ta zama mai aikin wuta. Maigidana yana gaisuwa, ya ce in gaya maka shi tsani kawai ya riƙe. Auta ma yana gaisuwa, ko da yake na san kun gaisa yau ba sau ɗaya ba. Inna kuwa na karanta mata takardar nan tun daga farko, a ƙarƙashin ƙwan, ta ce in cire maganar tumbi, na ce ba zan cire ba. Na tambaye ta saƙon da za a rubuta maka. Ta ce in ce maka ita ba mota take so ba. Ta ce zuwanka na ƙarshe a cikin duhun ɗakin nan ka zauna, muryarka kawai ta ji har ka tafi. Yanzu da akwai haske, ka zo ka zauna a gabanta ta ga fuskarka tun idon na gani.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
wadda kake kira Kunnen Ƙashi